Muryar Yaya Sammani

Duk wanda ya saba bin layin masu kayan yaji a Babbar Kasuwa ta Katsina ya san Inna Baraka. Doguwar tsohuwa ce, baƙa, mai wushirya, kullum tana zaune tsakiyar robobin citta da kanumfari da masoro da kimba. Yajin jegon da take haɗawa ya yi suna, har daga Batagarawa da Rimi mata kan aiko a saya masu. Ba ta da yawan magana. Idan ciniki ya lafa sai ta jawo faranti ta shiga tsince kanumfari, kanta a sunkuye. Maƙwabtanta na rumfa sun san mijinta ya rasu, sun san 'ya'yanta, amma ba wanda ya san gidan da ta fito.

A Ƙofar Marusa aka haife ta, ita ce auta a gidan Malam Siddiq, tela kuma ladanin masallacin unguwa. A wancan zamani babu lasifika, amma idan Malam Siddiq ya hau dakali ya sa yatsu a kunne, har bayan ganuwa ana jin shi. Cikin 'ya'yansa mutum ɗaya ne ya gado wannan murya, shi ne Sammani, wanda ya girmi Baraka da kusan shekara takwas. Sai dai muryar uban mai tashi ce sama, ta ɗan kuwa kwanciya take yi, a hankali, kamar yana yi maka magana a kunne.

Sammani shi ke yi wa mahaifinsu gugar ɗinki. Baraka ce ke hura masa gawayi a dutsen guga, shi kuma yana guga yana rera duk abin da ya zo bakinsa. Zai yi wa akuyar gidan waƙa, ya yi wa mai tallan fura, ya yi wa Baraka da kitsonta da ya tsufa har sai ta yi fushi ta jefar da mafici. Auta yake kiranta. Idan za shi kai ɗinki sai ya ɗora ta a kan ƙarfen kekensa su ratsa gari har Ƙofar 'Yandaka, a hanyar dawowa ya saya mata alewa.

Tana wajen shekara goma sha biyu abin ya lalace. Wasu masu kiɗan jita da bushe-bushe sun zo daga Jos suna wasa a kulob ɗin ma'aikata, Sammani ya fara zuwa kallo, daga kallo aka miƙa masa abin magana. Ba a yi nisa ba labari ya iso masallaci. Baraka na tsakar gida tana jiyo Malam da Sammani daga soro.

"Muryar da Allah ya ba ka don ka kira mutane salla, ita za ka kai inda ake rawa?" in ji Malam.

"Baba, ban bar salla ba."

"To zaɓi ɗaya. Ko gidan nan, ko su."

Bayan 'yan kwanaki Sammani ya ɗaure kayansa a ɗan akwati. Baraka ta bi shi har bakin titi tana riƙe da gefen rigarsa. Ya tsuguna ya ce mata, "Auta, koma gida. Da salla zan zo, in kawo maki takalmi." Ya hau motar Funtuwa. Ganinta da shi na ƙarshe ke nan.

Shekara biyu ko uku bayan haka sai ga muryarsa a rediyo. Ana ce masa Sammani Sanyi. Waƙoƙin soyayya yake yi, da jita da ganga a bayansa, ba irin na makaɗan fada ko na 'yan dambe ba, kuma samari da 'yan mata suka ɗauka. Malam Siddiq ya hana a kama tashar a gidansa, ya hana a ambaci sunan. Sai dai Baraka ta lura duk ranar da ake shirin zaɓen waƙoƙi mahaifiyarsu kan ɗauki tsintar shinkafarta ta koma jikin katangar da ta raba su da maƙwabta, inda rediyonsu ke jiyowa. Ita ma Baraka sai ta samo wani aiki ta je ta zauna kusa da ita. Ba su taɓa yin maganar ba. Haka suka riƙa jin shi, rabi-rabi, ta cikin katanga, wani lokaci kukan yaro ko dakan turmi ya cinye baitin.

Aka yi mata aure da Malam Hussaini, direba a ma'aikatar gona, mutum mai haƙuri da son raha. Tana goyon 'yarta ta fari, Nafisa, mahaifiyarsu ta rasu. Sammani ya samu labari a makare, ya zo bayan an share makoki. Malam ya karɓi gaisuwarsa a soro, bai ce ya shiga ciki ba. Daga nan Sammani ya tambayi gidan Auta aka kwatanta masa. Ranar kuwa Baraka ta tafi Dutsin-ma bikin sunan wata dangin mijinta. Ya zauna a dakalin ƙofar gida tun hantsi har la'asar, ya bar mata turmin atamfa a hannun maƙwabciya, ya tafi don kar motar Jos ta bar shi. Ta dawo da magariba aka ba ta labari. Ta fita da mayafi a hannu har tasha, ta tarar ba kowa sai masu shara.

Bayan wasu shekaru aka aiko gidan Malam cewa Sammani ya rasu a Jos, ciwon ƙirji. Bai daɗe da wuce talatin ba, bai bar mata ko ɗa ba. Baraka ta yi kukanta a ɗaki. Daga nan rayuwa ta ci gaba da ita: haihuwa, rainon yara, rasuwar Malam, ritayar Hussaini da jinyarsa, sana'ar yaji da ta fara a cikin gida kafin ta samu rumfa. Waƙoƙin Sammani kuwa suka ɓace. Fayafayan garmaho suka farfashe, kaset ya zo ya wuce, gidajen rediyo suka koma wasu mawaƙan. Abin da ya fi damunta, wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne ta wayi gari ta kasa tuna muryarsa. Fuskarsa tana nan, da hannunsa a kan dutsen guga, amma idan ta nemi muryar sai ta ji shiru.

Bara, wata Alhamis kafin azahar, tana auna wa wata mata masoro sai lasifikar Mudassir ta canza waƙa. Mudassir magidanci ne mai sayar da kayan waya a bakin layin, kuma shi ke tura wa mutane waƙoƙi da karatu a wayoyinsu. Jita ta fara, a hankali. Sai murya ta shigo: "Ki bar mani ƙofa, Hauwa'u, ko damina ta wuce ina tafe."

Gwangwanin awo ya suɓuce daga hannun Inna Baraka, masoro ya watse a ƙasa.

"Inna, lahiya?" in ji matar.

Inna Baraka ta miƙe ta bar rumfar a buɗe, ta taka har wajen Mudassir ba tare da ta sa takalmi ba.

"Malam Mudassir, ina ka samo wanga?"

"Au, Inna, kin san shi? Tsohon mawaƙi ne, Sammani Sanyi. Wani kamfani ne ya tono waƙoƙinshi na farko a Legas, aka wanke su aka sake fito da su. Yanzu ko'ina su ake ji, har a wajen biki."

"Yayana ne," ta ce. "Uwa ɗaya uba ɗaya."

Mudassir ya dube ta. Ya tashi daga kujerarsa ya ce ta zauna. Ya juyo wayarsa ya nuna mata hoton da aka sa a bangon faifan: saurayi siriri da gashi mai yawa, da riga mai faɗin kwala, ya karkata kai yana murmushi. Ta daɗe tana kallo. Ba ta taɓa ganin shi da irin wannan kaya ba. Ya yi daidai da jikanta na fari a shekaru.

Mudassir ya karɓi 'yar wayarta mai madannai ya zuba mata waƙoƙin duka, ya nuna mata inda za ta danna.

Da yamma Nafisa, wadda yanzu malamar makarantar sakandare ce, ta biyo gida ta tarar da ita zaune a tabarma, waya a kunne, tuwo ya huce a gabanta. Suka saurara tare. Muryar ta fito fes, ba katanga, ba kukan yaro, har ana jin inda yake jan numfashi. Baraka ta gane wasu waƙoƙin, wasu kuwa ba ta taɓa jin ƙarshensu ba sai ranar.

Can wajen ƙarshe akwai wata waƙa da masu kamfanin suka bari yadda aka ɗauke ta. Jita ta fara, sai aka katse. Aka ji Sammani yana cewa, "Tsaya mani, Ayuba. Mi kake ma sauri, wa ya koro ka? Mu sake." Ya yi ɗan tari, wani ya ce wani abu daga nesa, shi kuma ya fashe da dariya.

Baraka ta dafe ƙirji. "Mai da shi baya," ta ce.

Nafisa ta mayar.

"Sake."

Waƙoƙin na kowa ne, duk garin na jin su. Amma wannan magana, da harshen Katsina da bai bar bakinsa ba, da dariyar nan mai ƙarewa da shaƙewa, su ne yayanta na soron guga. Tun daga ranar, kafin ta fita kasuwa sai ta ji wurin, idan ta dawo ta ji. Ta koyi yadda ake mai da waƙa baya da kanta. Wani lokaci har amsa masa take yi, ta ce, "Kai ma ai saurin ka yi, Yaya."

Kwanaki kaɗan bayan haka Nafisa ta zo da labari. A makarantarsu akwai wata malama, Rahila, da ke ta murna a ɗakin malamai wai an sake fito da waƙoƙin da babanta ya kaɗa wa jita. Sunan baban Ayuba. Mutumin Zonkwa ne, ya zo Katsina aikin kafinta a ma'aikatar ayyuka tun lokacin da aka ƙirƙiro jiha, ya yi ritaya, yana zaune wajen 'yarsa.

"Yana nan garin?" in ji Baraka. "Duk shekarun nan?"

"Yana nan, Inna. Rahila ta ce in kina so mu je ran Asabar."

Ta ƙulla yaji mai yawa a leda, ta sa mayafinta na fita, suka hau keke napep. Suka tarar da dattijo a kujerar roba ƙarƙashin bishiyar mangwaro, kansa fari fat, yatsunsa sun kumbura sun lanƙwashe. Ya yi ƙoƙarin miƙewa, ta ce ya zauna. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da jiki da zafi. Shi dai kallonta kawai yake yi.

"Ke ce Auta," ya ce. "Wushiryar nan tasa ce."

Rabon da wani ya kira ta da wannan suna har ta manta. Ta ja mayafi ta rufe fuska na ɗan lokaci. Rahila ta kawo ruwa, ta ja Nafisa suka shiga ciki.

"Baba Ayuba, ba ni labarinshi. Komi da komi. Kar ka ɓoye mani."

Ya ba ta. Ya ce sun zauna ɗaki ɗaya a Jos shekaru da dama, shi yana tafiya coci ran Lahadi, Sammani yana tashinsa da asuba da ƙarar buta. Ya ce mutum ne mai kyauta har ta yi yawa, mai saurin fushi da saurin hucewa, kuma sigari ya yi masa illa. Ya ba ta labarin tafiyarsu Legas a bayan babbar mota don ɗaukar faifai, da yadda Sammani ya ƙi cin abincin can ya rayu a kan burodi da shayi. Ya ce daga baya kasuwar ta ja baya, muryar ta dushe, masu kiɗan suka watse ɗaya bayan ɗaya.

"Yana maganar gida?"

"Ba zan yi maki ƙarya ba, ba ya yawan yi. Idan aka taɓo Katsina sai ya tashi ya fita. Amma ranar da ya dawo daga ta'aziyyar mahaifiyarku, ya ce mani ya zauna a ƙofar gidanki har inuwa ta juya. Ya ce ya ga zanen jariri a kan igiya ta saman katanga, ya san na 'yarki ne. Mako guda bai yi waƙa ba."

Baraka ta gyaɗa kai, hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba.

"Ni na kawo wa Malam labarin rasuwar," in ji Ayuba. "Ni da akwatinsa."

"Kai ne? An ce mana dai wani baƙo."

"Ni ne. Ina tsoro ƙwarai, don na san yadda suka rabu. Ya shimfiɗa mani buzu a soro. Ya tambaye ni wa ya yi masa wanka, wa ya sallace shi. Na ce limamin unguwarmu ne, kuma jama'a sun taru sosai. Ya ce alhamdu lillahi. Har na yunƙura zan tafi sai ya ce, 'Ɗan nan, ni ban taɓa jin abin da yake yi ba. Yaya yake?' Kafin in amsa ya ce, 'Ɗan yi mani kaɗan, a hankali, kar a ji a waje.' Ni kuwa ba murya gare ni ba. Haka na daure na rera masa baiti ɗaya, na Hauwa'u. Akwai wurin da Sammani ke jan kalma mai tsawo, ni na yanke a tsakiya. Malam ya ce, 'Shi ma nan yake yankewa?' Na ce a'a, shi yana kai wa ƙarshe da numfashi ɗaya. Sai ya ce, 'Ai zai kai.' Ya juya fuska bango. Da lokacin la'asar ya yi, bai kira salla da kansa ba, wani ya sa ya kira."

Baraka ta zauna da mahaifinta shekaru bayan wannan rana, ita ta yi jinyarsa ta ƙarshe, bai taɓa nuna mata alamar haka ba. Ta rasa ko daɗi za ta ji ko haushi. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Allah ya jiƙansu duka."

"Amin," in ji Ayuba.

Kafin su tafi ta ciro wayarta ta kunna masa wurin maganar. Ya kasa kunne, ya yi dariya har da tari. "Kullum haka yake ce mani. Ni kuwa ba sauri nake ba, shi ne ke jan abu kamar ba za a tashi ba."

Da aka yi hutun makaranta ta ce wa Nafisa tana son zuwa Jos. Ayuba ba ya iya doguwar tafiya, amma ya kwatanta masu maƙabartar, ya ce kabarin na kusa da wani babban dutse da bishiyar turare a gefensa. Suka yi sammako, suka wuni a mota. Washegari da hantsi suka je. Ita da Nafisa suka tsaya daga bakin katanga, wani dattijo mai kula da wurin ya fito ya saurare su. Ya ce duwatsu a nan ba su ƙirguwa, bishiyoyin turare kuma an sare su da daɗewa, wancan ɓangaren ma an sake binne wasu a kai. Ya nuna da hannu wajen gabas, ya ce in dai shekarun da suka faɗa ne, to can ne.

Baraka ta dubi inda ya nuna. Jar ƙasa ce da ciyawa da tudu-tudu, iska mai sanyi na kaɗawa. Ta ɗaga hannu ta yi addu'a mai tsawo, ta haɗa da duk wanda ke kwance a wurin tunda ba ta san wanne ne nata ba. Da ta shafa sai ta ce, ba da ƙarfi ba, "Yaya, ga ni na zo. Ni ma ban tarar da kai ba." Nafisa ta riƙe mata hannu suka koma bakin titi.

Yanzu yayin waƙoƙin ya fara wucewa, Mudassir ma ya koma sa wasu. Inna Baraka tana nan a rumfarta. Abin da ya canza shi ne duk Asabar ta ƙarshen wata takan rufe da wuri, ta hau napep ta tafi gaida Ayuba. Rahila ta saba, da ta ji sallamarta sai ta fito da kujera ta biyu.

Zuwanta na baya-bayan nan ta tambaye shi abin da ya daɗe yana cin ta. Ta ce hoton bangon na saurayi ne, ita kuma tana son ta san yadda ya koma daga baya.

"Ya yi ƙiba kaɗan kafin ciwon," in ji Ayuba. "Kuma sanƙo ya fara masa, nan tsakiya. Shi ya sa ya koma sa hula, yana cewa wai girma ne ya zo."

"Sanƙo? Yaya Sammani?" Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta rufe ido tana ƙoƙarin ganin shi da sanƙo, da furfura, da sanda, zaune a kujera ta uku a ƙarƙashin mangwaron nan. Hoton ya ƙi zama. Ta buɗe ido.

"Wane labari ne ban ba ki ba?" in ji Ayuba. "Na ba ki na ranar da motarmu ta mutu a Saminaka, ya yi wa masu sayar da doya waƙa har suka tura mu?"

"Ba ka ba ni ba."

Ya gyara zama, ya ɗora kumburarrun yatsunsa a gwiwa. Ita kuma ta jawo kujerarta kusa.